Da Sauran Santsi

Idan ka shiga kamfanin ta ƙofar gaba ba za ka gan shi ba. Gaba ta baƙi ce, can ne ake da kujeru da fanka da alluna masu launi da aka jera a bango don mai saye ya shafa ya yaba. Shi sai ka zagaya ta baya, ka wuce tsibin ɓawon kwakwa da dammunan rama, ka bi warin soda har ya fara yi maka yaji a hanci. A nan za ka tarar da kwamin siminti guda takwas a jere, da wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa yana juya na farkon da sanda. Shi ne Santsi, kuma bana shekararsa goma sha tara ke nan a bakin kwamin nan.

Aikin wurin shi ne yin allunan da ake mannawa a bangon ɗaki don su shanye ƙara. Zaren rama da na kwakwa, yadda Allah ya yi su, suna da maiƙo da ƙaro a jiki, sumul suke. Sai an jiƙa su a ruwan soda, irin wadda ake sabulu da ita, ta cinye maiƙon ta bar zaren da kaushi da 'yan ƙofofi. A busar, a matse da gam a inji ya zama allo. In aka jera shi a bango sai amsa-kuwwa ta mutu, don ƙara in ta shiga ƙofofin nan ba ta samun hanyar dawowa. Matsalar ɗaya ce: soda ba ta san an gama ba. Ka bar ta a jikin zare, ci za ta yi ta yi har ta mai da shi gari. Shi ya sa kwami ɗaya ne na soda, bakwai na wanki, na ƙarshen da ɗan ruwan tsami a ciki don ya kashe abin da ya rage.

Injiniya, matar da ta kafa kamfanin, ta kawo wata 'yar takarda mai canja launi da ake tsomawa a ruwa a gane ko soda ta fita. Santsi yakan tsoma ta don a zauna lafiya, amma shi yatsunsa ya yarda da su. Sai ya cire safar hannu, ya cafko zare, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɓata fuska ya ce da sauran santsi, a sake. Masu ɗibar zaren sun ji wannan magana har sun gaji, suka laƙaba masa ita ta bi shi. Soda kuwa ta karɓi ladanta, ta shafe masa zanen yatsu ƙal. Ranar da ya je yin katin shaida sai da ya danna na'urar sau tara ba ta gan shi ba, ma'aikaciyar ta ce ko dai aljani ne. Matarsa har yau in ta so tsokana sai ta ce ita kaɗai ce ta auri mutumin da gwamnati ba ta san da shi ba.

Gado ya yi. Ubansu tufkar igiya yake yi, a kududdufi yake jiƙa ramarsa, kuma tun Santsi bai kai ya ɗaga dami ba yake bin sa. Yana aji huɗu na sakandare ciwon baya ya kama tsohon, sai ya ajiye littafi ya shiga ruwa. Auta, ƙaninsa, shekara goma sha biyu ke tsakaninsu. A wuyansa Auta ya yi wayo. Shi ya tsaya masa har ya gama makaranta, kuma da ya gama ya yi shekara biyu yana yawo da takardu a cikin leda, shi ne dai ya kama hannunsa ya kai shi gaban Injiniya ya ce ga ƙanina, ba ya sata, a gwada shi.

Aka gwada shi, aka sa shi ɓangaren masu zuwa su manna alluna a wuraren mutane. Auta dogo ne, ga fara'a, ga baki kamar an shafa masa zuma. A makonsa na farko Santsi ya koya masa wata 'yar dabara: kafin ka manna komai, ka tsaya tsakiyar ɗakin ka yi tafi ɗaya, mai ɗakin ya ji yadda ƙarar ke yawo, in ka gama ka sake yi, ya ji bambanci da kunnensa. Magana ce ta minti ɗaya, a bakin kwami aka yi ta, Santsi ma ya manta.

Ai kuwa tafin nan shi ya zama Auta. Wani ya ɗauke shi a waya yana yi a wani zauren taro, abu ya bazu, sai ga masu ɗakin karatu da masu wurin ɗaukar murya da masu gidajen da ke bakin titi suna zuwa suna cewa a ba su allon Auta. Allon Auta! Mutumin da ko sandar juya zare aka ba shi bai san ta wane kai ake riƙewa ba. Aka ba shi hular kwano fara da motar kamfani, ya yi aure, ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Santsi na baya da gam a gira yana jin shewar baƙi daga gaba, yana cewa a ransa kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

A faɗi gaskiya, kishin ƙaninsa yake yi, kishi mai cin rai. Ba ya son Auta ya talauce, ba ya son ko ƙaya ta soke shi, da wani zai taɓa shi da sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Amma in ya ji an ce Auta, sai ransa ya ɓaci. In Auta ya kawo wa gidansa buhun shinkafa, sai ya ga kamar gori ne. In bai kawo ba, ya ce to, an zama manya. Matarsa ta gane shi tsaf. Takan ce masa hassada ga mai rabo taki ce, ya yi a hankali kada ya ƙara wa yaron tsawo, shi kuwa ya ce ita me ta sani, ya juya mata baya.

Abu biyu ne suka ƙarasa shi. Na farko, 'yarsa ta tsakiya, wadda ya fi so, malaminsu ya ce kowa ya rubuta aikin da zai yi in ya girma, ta rubuta irin na Baba Ƙarami. Ya tambaye ta nasa fa, ta toshe hanci tana dariya ta ce nasa wari. Na biyu, aka kira Auta hira a rediyo. Santsi ya kashe famfo, ya kara rediyon a kunne, ya saurara tun daga sallama har kiɗan rufewa. Auta ya yi bayanin soda, ya yi na ƙofofin zare, har wanki bakwai ya faɗa kamar shi ya ƙago. Ya gode wa Injiniya, ya gode wa masu saye. Bai ce yayana ba ko sau ɗaya.

Bayan mako uku aikin makarantar ya shigo. Makaranta ce ta yara masu ƙarancin ji, irin waɗanda ake maƙala wa 'yar na'ura a kunne. Azuzuwansu siminti ne sama da ƙasa, in malama ta yi magana sai na'urar ta kwaso muryarta da amsa-kuwwar gaba ɗaya ta zuba wa yaro a ka, har wasu kan cire su jefa a aljihu. Allo ɗari da ashirin ake so, kuma kafin a dawo hutu.

Ranar da zaren aikin ya fito daga soda, da hantsi, Auta ya zagayo baya. Sabon takalmi ne a ƙafarsa, ruwan ƙasa, yana ƙyalli, don haka sai ya hau kan wani bulo don kada jiƙa ta taɓa shi. Daga can sama ya gaishe da yayansa.

“Yaya, don Allah a ɗan hanzarta mana wannan. Sunanmu ne a kai.”

Santsi bai ɗago ba. Sunanmu, in ji shi. Sunan wa? Ya bi takalmin da kallo har ya sha kwana. Aka yi wanki na ɗaya, aka yi na biyu, aka yi na uku. Ya cire safa ya murza zaren, yatsunsa suka gaya masa abin da suka saba gaya masa, zaren yana zamewa kamar sabulu. Sai ya ji bakinsa ya ce an gama, a kai shanya. Masu ɗibar zaren biyu suka dubi juna, don tunda suke ba su taɓa jin haka a wanki na uku ba. Ɗaya ya buɗe baki zai yi magana, Santsi ya ce ba ka ji mai farar hula ya ce a hanzarta ba? Injiniya kuwa ta yi shekaru rabonta da ta bi bayan aikinsa da takardar gwaji.

Wallahi yaran ko faɗo masa a rai ba su yi ba. Abin da yake gani a idonsa ɗaya ne: ranar da za a kira Auta a waya, ya je ya tsaya gaban bangon da ke zubar da gari, ya yi tafin a gani. Sau ɗaya tak yake so ya ga gumi a goshin nan, ya ga an zagayo baya ana tambayar Yaya me ya faru. Zaren ya bushe, aka matse, alluna suka fito kyawawa, ba mai iya bambanta su da na kullum. Soda a bushe barci take yi, sai ta ji danshi take tashi, damina kuwa saura wata biyu.

Ranar buɗe azuzuwan, Auta ya zo gida da kansa ya ce sai Yaya ya je. Santsi ya ce yana da jiƙo a ruwa. Auta ya ce ya riga ya roƙi Injiniya. Matarsa ta fito masa da rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ta ce in bai sa ba ita za ta sa ta je a madadinsa. Haka ya tafi yana cika yana batsewa, ya samu kujerar ƙarshe kusa da ƙofa ya zauna, hannuwansa a ɓoye tsakanin cinyoyi.

An bar aji ɗaya ba allo don gwaji. Auta ya shiga can ya yi tafi, ƙarar ta yi ta karo da bango, yara suka dafe kunnuwa. Aka dawo ajin da aka gyara, ya sake yi, tafin ya faɗi nan inda aka yi shi. Malama ta tsaya bayan aji, inda ba mai ganin leɓenta, ta kira wata yarinya a hankali ta ce ta ɗaga hannun hagu. Yarinyar ta ɗaga. Uwarta da ke tsaye jikin taga ta rufe fuska da mayafi. Aka yi ta tafi, Santsi ma ya yi biyu don kada a ce.

Sai Auta ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce shi manna allo kawai yake yi, aikin da kowa zai iya koya a wata guda. Ya ce akwai wanda ya bar makaranta don shi ya yi, kuma kowane zare da ke bangon nan ta hannunsa ya bi. Ya ratso mutane har kujerar ƙarshe, ya kamo hannun yayansa ya ɗaga sama, ya buɗe tafin kowa ya ga yatsun da soda ta shafe. Ya ce ranar hirar rediyo ya ruɗe ya manta da shi, kuma tun ranar abin ke damunsa. Sannan ya yaye wani ƙyalle da ke jikin ƙofa. Ɗan farantin ƙarfe ne an ɗaure da kusa huɗu, an rubuta cewa zaren bangon nan Santsi ne ya jiƙa shi ya wanke shi da hannunsa.

“Wata guda ina fama da Injiniya kafin ta yarda,” Auta ya raɗa masa. “Shi ya sa na ce maka sunanmu ne a kai.”

Shekara goma sha biyar yana jiran wannan. Dubban alluna sun fita daga hannunsa wankakku tas ba wanda ya san da shi, sai waɗannan ɗari da ashirin ɗin ne aka ga dama aka rubuta sunansa a kai. Aka yi ta miƙo masa hannu, yana karɓa yana murmushin da bai wuce haƙora ba.

To me ya hana shi faɗa? Sau uku ya taka har ƙofar ofishin Auta ya juyo. Ya gaya wa kansa kunya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin ya yi masa daɗi. Mai shagon bakin layinsu da bai taɓa tashi don shi ba yanzu har kujera yake ba shi. 'Yarsa ta kai hotonsa makaranta, ta goge abin da ta rubuta. Baƙi suna zagayowa baya da ƙafarsu, suna toshe hanci suna neman a nuna musu mai hannun. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa, bari ya ƙara kwana ɗaya da sunan. Da safe kuma ya fito ya duba gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Ya rame, matarsa ta ce ashe yabo ma ciwo ne.

Ruwa ya sauka, ya yi kwana tara yana yi yana ɗaukewa. A rana ta goma shugabar makarantar ta kira. Auta ya zagayo baya ya ce Yaya zo mu je.

Tun daga ƙofa suka ji warin. Allunan sun yi laushi sun kumbura, wani farin gishiri ya feso musu, gari na zuba a gindin bango. Shugabar ta ce yara uku sun yi ƙaiƙayi a hannu, ɗaya yana tari, ta mai da su tsohon ajin, kuma jiya yarinyar nan ta sake cire na'urarta ta sa a aljihu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tsaya daidai ƙarƙashin farantin ƙarfen tana duban Santsi, tana jiran mai sunan ya yi bayani.

Ya buɗe baki. Allah shaida, ya buɗe, maganar tana kan harshensa. Auta ya riga shi.

“Laifina ne. Ni na matsa masa ya yi sauri, ya gaya min bai kamata ba, na ƙi ji. Za mu cire duka mu sake, ba za ku ƙara komai ba.”

Shugabar ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta ce a zamanin nan samun mai cewa laifina ne sai an tona, Allah ya yi masa albarka. Malaman da suka taru suka ce amin, wata har tana cewa daman ta san yaron nan ɗan halak ne. Santsi na tsaye a gefe kamar wanda ya rako. Kuma ga abin kunyar da ko matarsa bai taɓa gaya wa ba: a daidai lokacin, a gaban bangon da ya lalata da hannunsa, kishin nan ya sake taso masa. Ko laifin ma Auta bai bar masa ba. Ya ɗauke, kuma ya yi kyau da shi.

Suka ɓalle allo ɗaya suka jefa a bayan mota. Da suka iso kamfanin Auta bai tsaya a gaba ba, ya zagaya da motar har bakin kwami. Ya sauke allon da kansa, ya taka cikin jiƙa da takalminsa bai nemi bulo ba. Ya tsoma yatsu biyu a kwami na bakwai, ya fincike zare daga allon, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, daidai yadda ya ga ana yi tun yana kan wuyan yayansa a bakin kududdufi.

“Yaya,” ya ce a hankali, “da sauran santsi.”

“Uku na yi.”

“Na sani. Masu ɗiba sun gaya min jiya.”

Santsi ya jira sauran, ya jira a tambaye shi dalili, ya ma shirya a zage shi. Auta ya goge yatsunsa a jikin wando. Santsi ya ce gobe zai je ya kwance ƙarfen nan daga ƙofar mutane.

“Bar shi,” in ji Auta. “Ka dai yi wanda zai dace da shi.”

Ya yi. Kwana goma sha ɗaya suka ɗauka, wanki bakwai-bakwai, kuma shi ya roƙi Injiniya ta zo da takardarta ta tsoma a kowane kwami, bayan ya gaya mata komai a tsaye. Ba ta kore shi ba, amma tun daga ranar ba zaren da ke zuwa shanya sai ta gwada da kanta. Sababbin allunan suna nan a makarantar, damina huɗu ke nan ba abin da ya same su, farantin ƙarfen ma yana nan. Auta yana zuwa gidansa kamar da, yana kawo wa yara tsaraba, bai sake tayar da maganar ba ko da wasa.

Santsi dai yana bakin kwaminsa. Masu ɗibar zare sun ce yanzu in ya murza ya ji bai yi ba, ba ya faɗin maganar nan tasa. Sai dai ya nuna kwami na gaba da sanda.